Ƙullin Sai-Wuƙa

Zuwa ga ɗana Ba'ana, mai sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida innarka da ƙannenka da duk wanda ke shan inuwar mainar ƙofar gidanmu a Yerimaram. Allah ya tsare ku da tsarewarsa, ya kau da sharrin hanya da na ruwa da na bakin mutane. Ni ma ina nan da rai. Ba zan ce lafiya lau ba, don gwiwata ta fara kuka kamar ƙyauren tsohon shago, amma alhamdu lillahi.

Saƙon innarka ya iso ni. Ta ce ka haɗa jaka, bayan Babbar Sallah za ka bi motar shanu zuwa Legas, wai wani mutum ya yi maka alkawarin aiki a jirgin ruwa. Ta hana, ka ƙi. Ta yi kuka, ka sunkuyar da kai. Daga ƙarshe kun tsaya a kan abin da na faɗa shi za a yi: in na ce tafi ka tafi, in na ce zauna ka zauna. Ta kuma rufe da cewa, "Kai ka ja mana, da hotunan nan naka." To, ta yi gaskiya. Shi ya sa ban kira a waya ba. Bakina ya saba da ƙarya a waya, shekara goma sha ɗaya yana yi, da na yi sallama sai ya ci gaba da kansa. Biro kuwa bai koya ba tukuna. Amsarka tana can ƙasa, amma kada ka tsallaka, na san halinka da takarda.

Bari in fara da mai ɗacin. Ni ba kaftin ba ne. Ban taɓa zama kaftin ba, ko mataimakinsa, ko mai riƙe masa jaka. Ƙaton farin jirgin nan mai hawa huɗu da ka rataye hotonsa a ɗakinka, ban san mai shi ba. Tsayawa kawai na yi a gabansa, har mai gadi ya zo ya ce in matsa. Hular kaftin da ke kaina a hoton kuma aro ce. Jirginmu yana cikin hoton, ka duba can gefen hagu, bayan kunnena, wani ɗan abu kamar kwanon sha. Shi ne.

In ka ajiye shi kusa da tirelar shanu, tirelar za ta raina shi. Taku goma sha huɗu ne daga kai zuwa gindi, na auna ba sau ɗaya ba, don iyakar yawon ke nan. Ba da hayaƙi yake tafiya ba, da iska ne. Akwai dogon ƙarfe a tsakiya, a ɗaga masa ƙaton farin zane mai kaurin tampol, iska ta hura mu tafi. In ta ɗauke, mu zauna muna kallon juna. Mu uku ne a ciki: ni, da mai jirgin, da matarsa. Mai jirgin wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya, ya sayar da gidansa mai ƙofa da taga ya sayi wahala. Na sa masa suna Jan-Kunne, don rana ta gasa masa kunnuwa sun yi jawur kamar tattasai. Matar kuwa Madam kawai nake ce mata. Ita ce kaftin ɗin gaskiya, shi ma ya sani.

A Dakar na haɗu da su. Kanikanci ya kai ni can daga Legas, ina gyaran injin dizal a bakin ruwa. Ɗan injinsu na ko-ta-kwana ya ƙi tashi, na buɗe na ga irin na janareto ne, kafin azahar ya yi tari ya kama. Jan-Kunne ya ce, "Za ka bi mu?" Ban tambayi ina ba, ban tambayi me zan yi ba. Na ga farin jirgi, na ga kaina da farar riga, na ce to.

Injin nan, Ba'ana, sai mu yi sati ba a taɓa shi ba. Abin da ke lalacewa kullum a jirgin ruwa masai ne. Wani ɗan ban-ɗaki ne da in ka shiga sai ka zaɓa tsakanin rufe ƙofa da miƙe gwiwa, yana da famfon hannu da bututu siriri kamar maƙogwaron zakara. Ya toshe da safe, ya toshe da yamma, ya toshe ranar Juma'a. Wa zai kwance shi? Kanike. Ni da na bar Potiskum don na gaji da taka kashin shanu, sai ga ni na ƙetare teku ina durƙushe a kan na Bature, da sifana a hannu. Na saniya aƙalla taki ne, manomi ya gan ka da shi ya sa maka albarka. Saboda haka mutumin nan na Legas, kafin ka ce masa to, ka tambaye shi: wane aiki, da wane hannu, a ina zan kwana, wa zai riƙe takarduna. In ya ce shi zai riƙe maka fasfo, ka gode masa ka juya. In ya ce, "In ka zo ka gani," ka tabbata masai ne.

Kuskurena na biyu ya fi wannan, kuma kalma biyu ce ta jawo shi: na iya. Ranar da za mu tashi Jan-Kunne ya ce, "Modu, ka iya igiya?" Wallahi sai da raina ya ɓaci. Ni? Ɗan Mai Igiya na Kasuwar Shanu? Kakanka, wanda ka ci sunansa, shekara arba'in yana ɗaure bijimai a cikin mota, daga Potiskum har Inugu ba a taɓa cewa ɗaurinsa ya kwance ba. Ni kuma a gindinsa na tashi, kafin in iya ɗaure tazuge na iya ɗaure sa. Na ce, "Na iya, har in koya maka." Duk da haka ya nuna mini nasu ƙullin, wani abu sakwa-sakwa mai kunne, ka danna bayansa da babban yatsa ya buɗe. Na ce a raina, wannan ko ɗan akuya ba zai riƙe ba.

Baba yana da ƙullinsa da ya koya mini, muna ce masa sai-wuƙa. Iya jan da sa ya yi, iya cijewar da zai yi. Ba a kwance shi. In an isa kudu yanke igiyar ake yi, shi ya sa sunan. To, muna tsakiyar teku, kwana tara ba mu ga ƙasa ba, tsofaffin nan suka ci abincin rana suka shiga ciki suka kishingiɗa. Na dubi igiyoyin da ke riƙe da zanen, duka da wannan ƙulli na wasan yara, tausayi ya kama ni. Na ce bari in taimaki bayin Allah. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sake ɗaure su da sai-wuƙa, har ina tofa yawu a hannu irin na Baba. Na zauna ina jiran yabo.

Da la'asar sai ga hadari, baƙi ƙirin, ya taso daga gabas ba sallama. A jirgi irin namu in iska ta yi ƙarfi dole a saki zane nan take, in ba haka ba ta kwantar da jirgin. Jan-Kunne ya fito da gajeren wando yana ihu, "Saki! Saki!" Ya kai hannu ga igiya, ya danna da yatsa, ya sake dannawa, ya dube ni. Iska na ja, ƙullin Baba na cijewa, don shi bai san bambancin iska da bijimi ba, aikinsa yake yi tsakani da Allah. Jirgi ya kwanta a gefe har taga ta shiga ruwa. Tukwane suka bar wurinsu. Ni ina rungume da dogon ƙarfen ina karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Sai ga Madam ta rarrafo daga ciki, dafaffen wake a gashinta, wuƙar burodi a haƙoranta. Ta yanke igiyar. Zane ya yi ƙara kamar bindiga, ya yage gida biyu, jirgi ya miƙe.

Kwana shida na yi ina ɗinkin zanen nan da basilla, yatsuna duk suka huje. In faɗi gaskiya, tsohon bai zage ni ba. Da ni ne mai jirgin, da na jefa ni a ruwa. Zama ya yi kusa da ni da guntun igiyar da aka yanke, yana juya ƙullin, ya ce, "Yaya sunan wannan a garinku?" Na fassara masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kira Madam ya ce in maimaita. Ita ba ta yi dariya ba. Da ya nutsu ya ce, "Ƙulli ne mai kyau, Modu. Amma ku kuna ɗaure abin da kuke tsoron ya gudu. Mu a nan muna ɗaure abin da tilas wata rana mu sake shi da sauri." Har yau da sai-wuƙa ake ɗaure tukunyar gas a jirgin nan, shi ya ce a bar mata, don ita ba a son ta je ko'ina. Ka riƙe wannan: abin da ka iya a gida gaskiya ne ka iya, amma in ka je wurin mutane ka ga suna abu a karkace, ka tambayi dalili kafin ka miƙe musu shi.

Ba igiya kaɗai na ce na iya ba. Ya tambaye ni iyo, nan ma na ce na iya. A ina? Ruwan da na sani a duniya shi ne kududdufin bayan unguwa da damina, shi ma sau ɗaya na shiga Baba ya fitar da ni da dorina. Asirina ya tonu a tsibiri na uku da muka tsaya bayan mun ƙetare teku. Mun shiga ɗan kwalekwalen roba za mu gaɓa neman wata roba ta famfon masai, na miƙe tsaye kamar a bayan a-kori-kura, sai ga ni a ruwa. Na yi kalmar shahada. Na yafe wa kowa. Na kira sunan innarka, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ina ta dukan ruwa ina shan gishiri, sai na ji muryar Madam daga sama, a hankali, "Modu. Miƙe tsaye." Na miƙe. Ruwan iya cibiya.

Mutanen bakin gaɓa sun yi dariya har wata mai sayar da kwakwa ta zauna a ƙasa. Madam kuwa kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce, "Mun ƙetare teku da kai kana yawo a saman jirgi ba ɗamarar tsaro. Da ka faɗa ruwa, da na juya jirgi a nutse, ina zaton kana da minti goma. Ashe ko ɗaya ba ka da shi. Da ƙaryarka ta bar ni da gawarka a wuya." Ita ta koya mini iyo, ina da shekara arba'in da ɗoriya, da furfura a gemu, a cikin wata robar yara mai kan agwagwa. Wannan hoton ma akwai shi. Shi ne ban turo ba.

Yanzu innarka ta ce ta ji ka a waya kana ce wa mutumin Legas ka iya ruwa. Ba'ana. A ina ka koya? A randar tsakar gida? Iya ruwa fidda kai, in ji mutanen da, kuma teku ba ta jin Hausa balle Barbarci, ba ta san ɗan waye kai ba.

Na san abin da ke jan ka, tsibiran nan ne da nake turo muku, farin yashi da itatuwan kwakwa. Suna nan, ba ƙarya ba ne. Sai dai ni ba da sunansu na san su ba. Akwai tsibirin da famfo ya fashe. Akwai wanda ƙugiyar da muke jefawa ƙasan ruwa don tsayawa ta maƙale a dutse, na yini ina nutso. Akwai wanda muka yi wata guda muna jiran wani ƙusa da bai kai ɗan yatsa ba. Su Jan-Kunne su sa tabarau su tafi kallon kifi, ni kaina na cikin ramin inji, ƙafafuna ne kawai ke shan iskar aljannar. Abinci kifi, gobe kifi, jibi wani ƙwaro mai ƙafa goma da suke rawar jiki a kansa. Mutumin da ya tashi a garin da sa dubu ke kwana, yau shi ke mafarkin tsire. Salla ma sai da dabara. Jirgi in yana tsaye juyawa yake da iska, ka kabbara kana duban gabas, ka yi sallama kana duban yamma. Sai da wani malami a Dakar ya kwantar mini da hankali a waya, ya ce in fuskanci alƙibla iya ƙoƙarina, Allah ya san ba ni ke tuƙin ba.

Ba zan zalunci teku ba, tana da ranakunta. Akwai safiyar da iska ke zuwa daidai, zane ya cika, ba ƙarar inji ba ƙarar kowa, ruwa ya yi shuɗi kamar an rina shi a marina, ka ji kamar yau aka yi duniya. Tsofaffin nan ma ba su taɓa cin abinci sun bar ni ba, kuma saboda ni Madam ta daina shigo da naman alade jirginta ba tare da na roƙa ba. Amma a irin wannan safiyar ce ƙanwarka Falmata ta fara tafiya ban gani ba, har ga shi an ce tana aji shida.

Saura kuskuren da ya haifi sauran, wanda ban taɓa gaya maka ba. An ce maka Baba ne ya sa mini albarka na tafi. Ba haka aka yi ba. Sau uku ina durƙusa masa a kan ya bar ni in je Legas in gwada kanikancina. Ya ce, "Muddin ina numfashi ba ka barin kasuwar nan." Mutumin da ko Nangere da ke nan kusa na je sai ya aika a ga ko na kama hanyar dawowa. Ba mugunta ba ce, so ne, amma shi ƙulli ɗaya ya iya. Ina ja yana cijewa, ina ja yana cijewa. Ran nan bayan sallar asuba na hau motar shanu ban yi masa sallama ba. Na ce wa innarka wata shida. Kana da shekara goma sha ɗaya, kana barci.

Igiyar da aka yanke ba ta komawa yadda take. Na yi ta cewa sai na zama wani abu zan dawo in durƙusa masa, don kunya ba ta barin mutum ya koma hannu rabbana wurin wanda ya ce masa kada ka je. Ina cikin zama wani abun Baba ya rasu. Muna tsakiyar ruwa, sai bayan kwana goma sha tara na ji. Daga nan na ari hular. Tunda na bar uba ya mutu ban nemi gafararsa ba, ai gara a ce kaftin ne ya yi haka, ba mai gyaran masai ba. Zuwana gida uku, duka da hular na zo, shi ya sa ba na daɗewa, ƙarya ba ta son dogon zama.

To ga amsarka. Da na bi son raina da na innarka, cewa zan yi zauna. Na san za ka zauna, wata uku ko shekara, kana ja muna cijewa, har ranar da za ka nemi wuƙa. Sunan Baba ka ci, amma taurin kan nawa ne. Saboda haka ka tafi, na yarda, na sa maka albarka.

Amma kafin ka taka motar nan, ka kira mutumin a gaban innarka ka ce masa, "Ƙarya na yi, ban iya ruwa ba." Ka saurari abin da zai ce. In ya ce sai ka koya kafin ka hau, mutumin kirki ne, ka bi shi. In ya ce ba komai, ba a buƙata, to ranka bai dame shi ba, ka je Legas ɗin amma ka nemi wani. Kada ƙafarka ta taɓa jirgi sai ka iya fidda kanka, ko da robar agwagwa za a fara. Ka fita da rana tsaka, ta ƙofar gida, innarka ta raka ka bakin titi ta yi kukanta ta gama. In ka je abin bai yi ba, ka dawo. Ko da jaka ba komai, ko da wata biyu ne. Wanda ya yi maka dariya ka ce ya zo ya ga ubanka. In kuma masai aka ba ka, ka gyara shi da kyau, ka turo mana hotonsa.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga guntuwar igiya mai ƙulli biyu. Na gefe ɗaya na Baba ne, kada ka wahalar da farcenka. Na ɗaya gefen na jirgi ne. Ka sa ƙafa ka ja iya ƙarfinka, ba zai sake ka ba. Sannan ka danna bayansa da babban yatsa. Da wannan na ɗaure ka. Ka koyi mayar da shi kafin ka tafi, igiyar kuma ka bar wa innarka.

Ka karanta mata takardar nan duka, har wurin masan. Ba na jin za ta yi mamaki. Ranar da na turo hoton farko, abin da ta ce kawai shi ne, "Kaftin ne kuma da baƙin mai a farce?" Ba ta sake tayar da zancen ba, shekara tara tana amsa Matar Kaftin a gidan suna don ta rufa mini asiri. Ka ce mata na gaya wa Jan-Kunne ya fara neman wani kanike. Ba zan ce wata shida ba, da haka na fara. Ka ce mata dai hular na mayar wa masu ita.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka a kan kwalta, ya tsare ka a kan ruwa, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya ko da wuƙar burodi a bakinsu. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba. Ya dawo da kai ta ƙofar da ka fita, ya sa in riga ka isowa. Amin.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Modu na Mai Igiya, mai gyaran masai.